Mai gida ya ce zan buɗe musu ido: ta yaya zan yi wa yarana maganar jikinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara goma, ƙirji ya fara tasowa, da ƙaninta mai shekara bakwai. Labaran fyaɗe da nake ji a rediyo sun hana ni sukuni. Ina so in zaunar da su in yi musu bayanin jikinsu da yadda za su kare kansu, amma mai gida ya ce kada in soma, wai zan buɗe musu ido. Surukata ma ta ce su ba wanda ya yi musu irin wannan magana, kuma ga shi sun yi aurensu lafiya. Ni kaina bakina nauyi yake yi. Me zan faɗa musu, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki yi musu maganar, kuma kada ki bari sai baɗi. Aikina jinya da ungozoma ne, na kuma daɗe ina karɓar yaran da aka kawo asibiti bayan an ci zarafinsu. Mafi yawansu yara ne masu ladabi, 'yan gidan mutunci, waɗanda aka hore su da cewa ba a musu da babba, ba a ƙin aike, ba a ɗaga ido a kalli na gaba. Abu ɗaya aka manta ba a gaya musu ba: akwai wurin da biyayya take tsayawa, kuma wurin nan shi ne jikinsu. Da yawa sun yi watanni abin yana faruwa ba su faɗa ba. Wasu ba su san sunan abin da ake yi musu ba, wasu kuma sun san in suka faɗa su za a fara duka.

Bari in fara da tsoron mai gida, domin ba tsoron banza ba ne. Uba ne mai kishin 'ya'yansa. Sai dai an bincika wannan batu sosai. Hukumar UNESCO ta tattara sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ta fitar da jagora a 2009, ta sabunta shi a 2018, kuma abin da aka gano shi ne bayanin da ya dace da shekarun yaro ba ya sa shi fara jima'i da wuri. A wurare da yawa ma jinkirta shi yake yi. Ido kuwa, ko kin yi magana ko ba ki yi ba, zai buɗe. Akwai wayar yayyensu, akwai hirar 'yan aji, akwai ɗakin samari a ƙofar gida. Abin da yake hannunki shi ne wa zai riga faɗa musu, ke ko wanda ba ya tsoron Allah a kansu.

Ki kuma tuna wa mai gida abin da shi kansa ya karanta yana yaro. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ya ji bayanin janaba, da haila, da maniyyi, da maziyyi, da abin da ke wajabta wanka, tun kafin gemu ya fito masa. Malamanmu ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin batsa ba. Ummu Sulaim ta zo gaban Manzon Allah (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, ta tambaye shi ko wanka ya wajaba a kan mace idan ta yi mafarki, ya kuma ba ta amsa. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A cikin Suratun Nur, aya ta 58, an umarci yara su nemi izini kafin su shiga wurin iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufa, da bayan sallar isha'i. Ga kuma hadisin raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma. Duk wannan koyar da iyaka ne a kan jiki, kuma ba zai yiwu a aiwatar da shi ba sai an yi wa yaro bayani. Makarantar boko ma kada ki dogara da ita. An samar da manhajar koyar da rayuwar iyali da cutar ƙanjamau tun 2003, amma a watan Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar, yana cewa aikin iyaye ne da malaman addini. To ga shi an miƙo mana. Idan iyayen ma suka yi shiru, ba wanda ya rage.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, a girmama ta, amma zamaninsu ma abin yana faruwa, rufewa ake yi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa a Najeriya yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ki lura da adadin maza, domin iyaye da yawa suna tsare 'ya mace su saki namiji, alhali shi ma ana yi masa, kuma ya fi ta ɓoyewa.

Wanda yake aikata wannan ba kasafai yake zama baƙon da ya tare hanya ba. Da ɗan gari akan ci gari. Maƙwabci ne, ko mai shagon da ake aikenta kullum, ko malamin lesin, ko ɗan'uwan da ya zo hutu, ko mai adaidaita sahun da aka amince ya riƙa kai su makaranta. Kuma ba ya farawa da ƙarfi. Alawa ce da farko, da naira ɗari, da "ke ce 'yar gidana". Sai wasa ya fara kaiwa ga taɓa kafaɗa, daga nan cinya, yana lura ko za ta faɗa a gida. Idan ya ga shiru, sai ya ƙara gaba. Daga ƙarshe sai ya ɗaure ta da barazana: in kin faɗa babanki zai yanka ki, ko ai ke ma kin karɓi kuɗina, ba wanda zai yarda da ke. Jarinsa gaba ɗaya shirun yaron ne da tsoron da yake yi wa iyayensa. Duk abin da zan gaya miki a ƙasa hanya ce ta karya wannan jarin.

Kada ki shirya zama na musamman, ki kulle ƙofa, ki ɗaure fuska. Yaro zai ɗauka laifi ya yi. Maganar nan a gutsure ake yin ta, wajen wanka, wajen kitso, wajen tsintar shinkafa, minti biyu yau, minti uku jibi.

Ga mai shekara bakwai, ki fara da suna. Ya san al'aurarsa, ya san gaba, ya san baya, da kalmar da duk babban da ya ji zai gane. Sunayen wasa da muke laƙaba wa wuraren nan suna da illa. Yaro yakan je ya gaya wa malamarsa cewa wane ya taɓa masa wani abu da sunan da gidansu kaɗai aka sani, ita kuma ta wuce ba ta fahimta ba. Sai ki gaya masa: duk inda wando da riga suka rufe naka ne. Ba mai taɓawa, ba mai kallo, ba mai ɗaukar hoto, kai ma ba wanda zai sa ka taɓa nasa. Ni ko likita ne kawai, don tsafta ko magani, shi ma likita sai ina wurin. Ki haɗa da bakinsa a cikin wuraren nan, domin masu cin zarafi suna amfani da shi. Ki ce masa wannan doka ta hau kan kowa, har kawu, har malam, har wanda ya girmi Baba. Yara suna buƙatar a ambata musu wannan ƙarara, saboda a tunaninsu mugu shi ne mai baƙar fuska da ba su sani ba.

Sannan maganar asiri. Ki koya musu cewa a gidan nan babu asirin da ake ɓoye wa Umma, musamman wanda babba ya ce kada a faɗa. Duk wanda ya ba ka abu ya ce kada ka gaya wa kowa, a ranar za ka gaya mini. Ki yi musu alkawari da bakinki cewa ba za ki dake su ba, ko da sun karɓi kuɗin, ko da sun je inda kika hana. Wannan alkawarin shi ne mafi tsada a cikin maganar duka, kuma za su gwada ki da ƙananan abubuwa kafin su kawo babba. Idan ya fasa kofi ya faɗa da kansa kika zane shi, ya riga ya koyi darasin da zai yi amfani da shi ran da abu mai nauyi ya same shi.

Ita mai shekara goma, lokaci ya matso. Balagar 'ya mace takan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma jinin al'ada yakan zo kamar shekara biyu bayan ƙirji ya fara tasowa. Ki gaya mata kafin ta gan shi. Ki nuna mata audugar mata ko ƙyalle mai tsafta, yadda ake sawa da yadda ake canzawa, da wankan tsarki, da cewa ciwon mara kaɗan ba abin tsoro ba ne. Ina roƙonki da abu ɗaya: kada ki ce mata "daga yau ko namiji ya riƙe hannunki kin yi ciki". Iyaye mata da yawa da wannan suke sallamar 'ya'yansu. Ran da ta gane ƙarya ce, sauran maganarki ma ta zube. Ki faɗa mata gaskiya a taƙaice, cewa ciki yana samuwa ne idan gaban namiji ya shiga gaban mace, maniyyinsa ya haɗu da ƙwanta, kuma Allah ya ajiye wannan ga ma'aurata. Idan ta yi tambaya ki amsa daidai tambayar. Idan ta yi shiru ki bar ta, za ta dawo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga batun yarda, wanda nake ganin nan ne muka fi rauni. Yarda ita ce mutum ya amince da bakinsa da zuciyarsa, yana cikin hankalinsa, ba tsoro, ba yaudara, kuma yana da ikon cewa ya fasa. Yaro ba shi da yardar da zai bayar a wannan fage ko kaɗan. Ko da ita ta je da ƙafarta, ko da ta karɓi kuɗi, ko da ta yi dariya, laifin na babban ne shi kaɗai. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, sashe na 282, ta ɗauki saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba a matsayin fyaɗe ko ta yarda ko ba ta yarda ba, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta sa iyakar a shekara 18. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da wanda aka yi wa namiji, da wanda aka yi da wani abu ba gaba ba, da yardar da aka samu ta hanyar barazana ko yaudara ko sa maye.

Tambayar da ta fi ƙona mini rai a ɗakin jinya ita ce wadda uwa take yi wa 'yarta tana kuka: "Me ya hana ki ihu?" 'Yar'uwa, jiki yana da hanyoyi uku idan ya ga halaka: ya yi faɗa, ya gudu, ko ya sandare. Sandarewar nan ba zaɓi ba ce. Murya takan ɗauke, ƙafa ta ƙi motsi. A wani bincike da aka wallafa a 2017 a ƙasar Suwidin, an tambayi mata kusan 300 da suka je asibiti bayan fyaɗe, bakwai cikin goma suka ce haka jikinsu ya sandare. Manyan mata ke nan, balle yarinya 'yar shekara goma a gaban mutumin da take gaisarwa da durƙuso. Saboda haka idan kina koya musu su ce a'a, su yi ihu, su gudu, ki haɗa da cewa in ma sun kasa, ba laifinsu ba ne, su zo su faɗa.

Ana kuma koyon yarda tun daga ƙananan abubuwa. Idan kuna wasan cakulkuli ta ce ki bari, ki bari nan take. Idan baƙo ya zo, gaisuwa wajibi ce, amma zama a cinya ko runguma ba dole ba ne, kuma kada a kunyata ta don ta noƙe. Mu daina wasan nan na "matata" da "mijina" tsakanin manyan maza da ƙananan yara. Na san al'ada ce, na san yawanci ba da wata manufa ake yi ba, amma yana rikita yaro, kuma mai mugun nufi a bayansa yake fakewa.

Ɗanki namiji yana buƙatar rabi na biyu na darasin: jikin wasu ma nasu ne. Idan ƙanwa ko abokin wasa ya ce bari, an gama. Idan ya girma, babansa ya gaya masa cewa kuɗin zance, da kayan toshi, da ɗinkin salla ba su saya masa komai a jikin yarinya ba, kuma shirunta ko tsoronta ba amincewa ba ne. Wasu sukan jawo hadisin da ya ce shirun budurwa izininta ne. Wannan magana ce a kan waliyyi da ya nemi ra'ayinta game da aure kunya ta hana ta furtawa, ba ta da alaƙa da yarinyar da tsoro ya rufe wa baki. Kuma a wannan babin ne aka ruwaito cewa Khansa'u bint Khizam, wadda bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Ko bayan an ɗaura aure maganar ba ta ƙare ba. Mu ungozomomi muna karɓar amare da yagewa da zubar jini a daren farko, saboda an kai yarinya ba ta san komai ba, shi kuma abokai sun zuga shi cewa mazantaka ita ce ƙarfi. Wasu tsoron wannan dare yakan bi su shekaru. Alƙur'ani ya ce a zauna da mata da kyautatawa, kuma shimfiɗa tana cikin zaman.

Waya ma ki sa ta cikin lissafi tun kafin su mallaki tasu. Akwai masu buɗe shafi da hoton budurwa ko saurayi, su ja yaro da hira har ya tura hoton tsiraicinsa, sannan su ce ko ya biya ko su watsa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da wannan sana'a. Dokar da za ki kafa musu ita ce ba a tura hoton jiki ga kowa, in kuma an riga an tura, kada a biya, kada a goge saƙonnin, a gaya wa babba.

Idan wata rana, Allah ya kiyaye, ɗayansu ya zo miki da magana, abin da fuskarki ta yi a minti na farko shi zai sa ya ci gaba ko ya haɗiye sauran. Ki danne zuciyarki. Kada ki yi salati da kururuwa, kada ki tara maƙwabta. Ki ce: na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa mini. Ki bar shi ya faɗa da kalmominsa, kada ki sa masa magana a baki, kada kuma a yi ta sa shi maimaitawa gaban duk wanda ya shigo. Wani yaron ba zai faɗa da baki ba. Sai ki ga ya koma fitsarin kwance, ko yana firgita cikin barci, ko ya ƙi zuwa wani gida da yake so a da, ko kuɗi sun bayyana a hannunsa, ko yana wasan da ya fi shekarunsa. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce, amma dalili ne na tambaya a hankali.

Daga nan sai asibiti, kuma awanni suna da muhimmanci. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar, amma gara da wuri. Akwai allurar ciwon hanta da magungunan cututtukan sanyi. In da hali kada a yi wanka, kada a wanke kayan da ke jiki, a naɗe su a takarda a tafi da su, kuma kada a yi gashi da ruwan zafi ko a cusa wani magani. In an riga an yi wankan, ko kwanaki sun wuce, a je duk da haka. Akwai cibiyoyi na musamman don wannan: Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Inda babu, babban asibiti mafi kusa. Ki sani kuma, sau da yawa likita yakan duba bai ga rauni ba, domin wurin yana saurin warkewa kuma ba kowane cin zarafi ke barin tabo ba. Rashin tabo ba ya nufin yaron ƙarya yake yi. Duba tantanin budurci ma ba ya tabbatar da komai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a daina wannan gwaji.

Za a zo miki da maganar sulhu. Za a ce a rufa asiri don kada ta rasa mijin aure, a karɓi kuɗin magani a bar wa Allah. Na fahimci nauyin wannan, musamman idan mai laifin na cikin dangi ne. Amma wanda aka rufa wa asiri yakan koma, in ba kan wannan yaron ba to kan na maƙwabta, kuma yaron da ya ga an karɓi kuɗi an yi shiru yakan fahimci cewa sunan gida ya fi shi daraja. Ana iya kai ƙara wurin 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, tare da ɓoye sunan yaron, ma'aikatan cibiyoyin nan kuma suna taimakawa wajen bin shari'ar.

Shi kuwa mai gida, kada ki tunkare shi a gaban yara ko a gaban mahaifiyarsa. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance, ki karanta masa ainihin kalmomin da kike son faɗa wa yaran, domin sau da yawa abin da yake hasashe ya fi abin da za a faɗa nauyi. In ya ga dama ya tambayi malamin da ya yarda da shi game da aya ta 58 da hadisin raba shimfiɗa. Sannan ki ba shi nasa rabon: ke ki ɗauki 'yar, shi ya ɗauki ɗan, ya yi masa bayanin mafarki da wankan janaba kafin ya kai shekara goma sha biyu. Ku kuma zauna tare ku duba wa ke kai su makaranta, wane shago ake aikensu bayan magariba, da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da su idan an yi baƙi.